Lafiyar Mutum Ɗaya Da Lafiyar Gari

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsofaffi ya san gaisuwar safe ba ta ƙarewa da wuri. Za ka durƙusa ka ce, "Inna, ina kwana?" ta ce, "Lafiya lau." Daga nan sai ta karɓe tambayar daga hannunka: an tashi lafiya, ina gajiya, ya mutanen gidan, ya mai jiki, ya kasuwa, ya ruwa. Ta tambayi jikinka, ta tambayi iyalinka, ta tambayi abin da kake ci da shi, ta tambayi damina, kuma duka kalma ɗaya take jira ka amsa mata da ita.

Kalmar lafiya aro ce daga Larabci, amma ta daɗe a Hausa har ta yi rassa. Mota takan rasa lafiya. Matafiyi ana ce masa ya sauka lafiya, ango da amarya ana yi musu addu'ar zaman lafiya. Idan mutum ya buga maka ƙofa da tsakar dare, abin da zai fara fita daga bakinka shi ne, "Lafiya?" kuma ba zazzaɓi kake nufi ba, kana son ka ji ko al'amura suna nan daidai. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito mai tafiya a kan wannan hanya: wanda ya wayi gari cikin aminci a mazauninsa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Aminci, jiki, abinci, an jera su wuri guda.

Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar ke tsukewa da zarar an shiga ofis ko an hau dandalin siyasa. A can "harkar lafiya" tana nufin gini, gadaje, likita, allura da motar ɗaukar marasa lafiya. Ma'anar da aka ba kalma ita ce ke nuna inda kuɗi za su tafi da wanda za a tambaya idan abu ya lalace, don haka wannan ba gardamar malaman harshe ba ce.

A watan Yulin 1946, a birnin New York, wakilan ƙasashe 61 suka sa hannu a kundin kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, kundin ya fara aiki ranar 7 ga Afrilu 1948. A gabatarwarsa aka ce lafiya ita ce cikakkiyar walwala ta jiki da ta hankali da ta zamantakewa, ba rashin cuta ko naƙasa kaɗai ba. Waɗanda suka rubuta haka sun fito ne daga yaƙin duniya na biyu, sun ga garuruwan da aka rusa da miliyoyin mutanen da likita ba zai samu wata cuta a jikinsu ba amma ba wanda zai ce suna lafiya. Sun yi abin kirki: sun shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa da halin zaman mutum cikin lissafi, a lokacin da aikin likita ya fi karkata ga ƙwayar cuta da maganinta.

Sai dai kalmar "cikakkiya" ta jawo musu suka har yau. Wa ya taɓa samun cikakkiyar walwala ta jiki da hankali da zamantakewa, ko da na mako guda? In an bi ma'anar sau da ƙafa, kusan kowa majiyyaci ne kusan kullum, kuma abin da ba shi da iyaka ba ya aunuwa. Ga kuma dattijon da ya shekara 20 da ciwon suga, yana shan maganinsa, yana kiyaye cimarsa, yana zuwa gona da masallaci, ya aurar da 'ya'yansa. Ko yarinya mai amosanin jini da ta san abin da ke tayar mata da ciwo, take kauce masa, har ta gama jami'a. Ma'anar 1948 ba ta da wurin da za ta ajiye irin waɗannan sai layin marasa lafiya. Wannan ne ya sa taron Ottawa na ƙasar Kanada a 1986 ya kalli lafiya a matsayin guzurin rayuwar yau da kullum, abin da Bahaushe ya daɗe yana faɗa da kalma biyu, lafiya jari. A 2011 kuma wasu masana, ƙarƙashin wata likita 'yar ƙasar Holan mai suna Machteld Huber, suka kawo shawarar a ɗauki lafiya a matsayin ikon mutum na jure sauyi da tafiyar da al'amuransa duk da abin da ya same shi.

Ni dai ina ganin kowace ma'ana tana da aikinta, kuma ta Huber tana da haɗari idan ta faɗa hannun mai mulki. Talakanmu gwani ne wajen juriya. Idan juriya ce lafiya, to matar da ke tafiyar kilomita biyar neman ruwa da goyo a bayanta ta fi kowa lafiya, kuma ba wanda ya ci bashinta. Ma'anar 1948, duk da ta yi nisan da ba a cim mata, tana tuna wa gwamnati cewa akwai haƙƙi a wuyanta. Taron Ottawa ma da ya zo jera sharuɗɗan samun lafiya, da zaman lafiya ya fara, sannan muhalli, ilimi, abinci da abin shiga.

Duk wannan a kan mutum ɗaya ne. Da zarar an ce lafiyar al'umma, tambayar kanta ta sauya. Likita yana tambaya: me ke damun wannan yaron, me zan ba shi? Mai nazarin lafiyar al'umma yana tambaya: me ya sa yaran wannan ƙauyen suke mutuwa fiye da na wancan? Ban san misalin da ya fi fito da bambancin nan ba kamar abin da ya faru a Zamfara.

A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai suma da jijjiga, sai rasuwa. Alamomin sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, an kuma ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma yara ba su daina mutuwa ba. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce, a matakin da ya ninka iyakar haɗari sau da yawa. Binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara aƙalla 400 suka tafi.

Daga ina dalmar ta fito? Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya a waɗannan shekarun, kuma duwatsun yankin suna ɗauke da zinariya haɗe da dalma mai yawa. Magidanta suka riƙa kawo duwatsun cikin gida. Ana daka su a turmi, ana niƙa su a irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Ƙura ta sauka a kan tabarma, a kan kwanon tuwo, a kan zanen uwa mai shayarwa, a ƙasar da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Babu uban da ya yi nufin cutar da ɗansa. Mutum ne da noma bai riƙe shi ba ya samu abin da zai ciyar da gida.

Akwai maganin da ke zuƙe dalma daga jini, amma likitocin suka fahimci ba shi da amfani idan yaron zai koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba, kamar mai ɗibar ruwa da kwando ne. Dole sai an kankare ƙasar saman kowane gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu, an kwashe an binne, an zubo sabuwa, an fitar da aikin niƙan dutse bayan gari. A Bagega, wanda ya fi sauran girma, yara sun yi ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin share ƙasar, sannan magani ya biyo baya. Wato maganin yaron Bagega ya ratsa ta hannun mai shebur, da mai gari, da ma'aikatar ma'adinai, da wanda ke sa hannu a takardar fitar da kuɗi a Abuja. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, saboda dalilin da ya kai mutane ga daka dutse a gida bai gushe ba.

Masana suna kiran irin waɗannan abubuwa musabbaban lafiya, wato yanayin da aka haifi mutum a ciki, ya girma, yake aiki, yake tsufa. Wani rahoton gwamnatin Kanada na 1974, wanda ake kira da sunan ministan lafiyarsu na lokacin, Marc Lalonde, ya kasa su huɗu: halittar jikin mutum, muhalli, salon rayuwa, da tsarin asibiti. Abin da ya ja hankali a rahoton shi ne nuna cewa akasarin kuɗi suna tafiya ga na huɗun, alhali tushen yawancin cututtuka yana cikin ukun farko.

Yanzu bari in koma gaisuwar Inna, domin tana da rauni guda. Tambayarta mai faɗi ce, amma amsar kullum "lafiya lau." Ko mutum ya kwana bai runtsa ba, ladabi da tawakkali sun hana ya ce komai sai "da sauƙi" ko "alhamdu lillahi." Wannan kyakkyawar tarbiyya ce tsakanin mutum da mutum, amma ba za a gina tsarin kula da gari a kanta ba. Gari ba ya faɗin ciwonsa da baki, sai an ƙirga. Da ba a shiga gida-gida an tambayi iyaye mata yara nawa suka rasa ba, da mutuwar yaran Zamfara ta tafi a matsayin "ciwon yara na bana."

Ƙirgar ma tana da ƙa'ida. Idan aka ce mutum 50 sun mutu da amai da gudawa, tambaya ta farko ita ce, cikin mutum nawa? Hamsin a cikin birnin Kano daban, hamsin a ƙauye mai mutum 2,000 daban. Sannan akwai bambanci tsakanin sababbin kamuwa a cikin wani lokaci da jimillar masu ɗauke da cuta a rana guda. Wannan yakan ruɗa har 'yan jarida. Idan aka samar da maganin da ke tsawaita ran masu cutar ƙanjamau, jimillar masu ɗauke da ita za ta iya ƙaruwa, don ba sa mutuwa kamar da, ko da sababbin kamuwa suna raguwa. Hawan wancan adadi a nan alamar nasara ce. Cutar da ke kashewa cikin kwana uku kuwa ba za ka taɓa samun masu ita da yawa a rana ɗaya ba, duk da ɓarnar da take yi.

Haka batun tsawon rai. Idan aka ce ɗan Najeriya ana sa ran zai rayu shekara 50 da 'yan kai, sai wani ya ce ƙarya ne, ga kakansa nan ya haura 80. Duka biyun gaskiya ne. Ɗauki mutum biyu, ɗaya ya rasu ranar suna, ɗaya ya kai 80: matsakaicin ransu 40 ne, alhali ba wanda ya mutu yana da 40 a cikinsu. Mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ke janyo adadin ƙasa. Shi ya sa masu wannan fanni suke sa ido sosai a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu haihuwa: su ne ma'aunin da ya fi saurin nuna ko ruwan gari, abincinsa da asibitinsa suna aiki. Kuma da yake mace-mace da yawa a karkararmu ba sa shiga kowane rajista, ana wanka a yi sallah a kai makwanci kafin azahar, mafi yawan abin da muka sani daga binciken gida-gida da ake yi bayan 'yan shekaru yake fitowa.

Matsakaicin adadi kuma yana ɓoye abu. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Wannan adadin ƙasa ne gaba ɗaya, kuma kusan ba ya bayyana halin kowa. A shiyyar Kudu maso Yamma 62 ne, a Arewa maso Yamma 187. A jihar Ogun 30, a jihar Kebbi 252, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, ministan lafiya ɗaya. Duk lokacin da na tuna waɗannan lambobi biyu nakan ji nauyi a ƙirji, domin 252 ɗin nan 'ya'yan maƙwabta ne, masu suna, waɗanda aka yanka wa rago. Wannan ne ya sa ma'anar lafiyar al'umma da masana biyu, David Kindig da Greg Stoddart, suka bayar a 2003 ta ƙunshi abu biyu: sakamakon lafiyar jama'a, da yadda sakamakon ya rarrabu a tsakaninsu. Ƙasa za ta iya inganta matsakaicinta alhali ratar da ke tsakanin 'ya'yanta tana ƙara faɗi.

Ratar ba ta shiyya kaɗai ba ce. Binciken na 2018 ya nuna mutuwar yara ta fi yawa nesa ba kusa ba a wurin iyaye matan da ba su yi makarantar boko ba idan an kwatanta da waɗanda suka wuce sakandare, haka tsakanin gidaje mafi talauci da mafi wadata. Kuma abin ba rami ɗaya ba ne da talaka ke ciki sauran kowa na waje, tsani ne. A Ingila an bi ma'aikatan gwamnati na Landan shekara da shekaru tun daga 1967, binciken da sunan masani Michael Marmot ya shahara da shi, aka ga masu ƙaramin muƙami suna mutuwa kusan ninki uku na manyan jami'ai, kuma kowane mataki ya fi na samansa mutuwa. Dukansu suna da albashi, dukansu suna da asibitin kyauta. Abin da ya rage shi ne matsayi, da yawan ikon da mutum ke da shi a kan rayuwarsa.

Idan duk wannan ya yi kama da labarin baƙin ciki, akwai kurkunu. Matasan yau da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Mutum zai sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sosai, bayan kusan shekara sai ƙurji ya fito a ƙafa, farar tsutsa mai tsawon da kan kai mita guda ta fara leƙowa. A hankali ake naɗe ta a jikin tsinke, kullum kaɗan, makonni ana yi, in ta tsinke ciwo ya ƙaru. Zafin yakan sa mai ciwon ya tsoma ƙafa a tafki, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, zagayen ya sake. Sau da yawa yana kwantar da mutane ne a daidai lokacin aikin gona, ka ga cuta ta haifi yunwa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu kurkunu a Najeriya. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Ghana ta biyo a 2015. Har yau kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe shi, da rijiyoyin burtsatse, da zuba magani a tafkuna, da 'yan sa-kai na ƙauye masu hana mai ciwo shiga ruwa, da irin su Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da suka yi ta matsa wa hukumomi.

Nijar ma ta nuna wani abu. Tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, amma tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin 1,000. Ba manyan asibitoci aka gina a Yamai ba. An baza ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, an mayar da jinyar ƙananan yara da mata masu ciki kyauta daga 2006, an raba gidan sauro, an ba da sinadarin bitamin A, an faɗaɗa kula da masu tamowa bayan yunwar 2005 da ta addabi yankin Maraɗi da Damagaram. Aikin bai kammala ba, biyan kuɗin jinyar kyautar ma ya yi ta samun tsaiko, amma yaran da suka rayu sun rayu.

Dattawanmu suna tuna duba-gari, ma'aikacin da ke shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da kwata, ya ci tarar wanda ya bar ƙazanta. Mutane sun ji tsoronsa, wani lokaci da dalili, domin aikin ya zo da isa irin ta zamanin mulkin mallaka. Amma tunanin da ke bayan aikin daidai ne: kwatar maƙwabcinka tana shafar ɗanka. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗanawa. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gida-gida ya gano cewa mamatan wata unguwa daga famfo ɗaya suke shan ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. Sama da shekara 170 ke nan da sanin hanyar da cutar ke bi.

To me ya sa, duk da mun haddace cewa rigakafi ya fi magani, kuɗi da hankali suke tafiya wajen magani? Wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Rose, ya yi bayanin da na gamsu da shi a 1985. Ya nuna cewa mutane masu yawa da ke cikin ƙaramin haɗari sukan samar da majiyyata fiye da 'yan kaɗan da ke cikin babban haɗari. Ɗauki hawan jini. Waɗanda jininsu ya hau sosai suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, amma ba su da yawa. Masu ɗan hawa kaɗan su ne tuli, kuma daga cikinsu ne akasarin masu shanyewar ke fitowa. Don haka idan gari gaba ɗaya ya rage gishiri da sinadarin ɗanɗano a miya, za a ceci rayuka fiye da idan an bi masu tsananin ciwon kawai. Matsalar ita ce kowane mutum ɗaya ba zai ji wani sauyi a jikinsa ba. Wanda aka yi wa tiyata ya tashi ya san likitansa, zai yi masa addu'a har ya mutu. Yaron da bai kamu da ƙyanda ba saboda an yi wa yaran unguwarsu rigakafi, shi da uwarsa ba su san an cece shi ba. Ɗan siyasa kuma yana buƙatar abin da za a gani a yaba, kuma gini ana ganinsa.

Ba a rasa alƙawura ba. A Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyat, ƙasashen duniya sun amince a 1978 cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne hanyar kai lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki abin da gaske, ya tura rigakafi da ruwan gishiri da sukari da ƙananan asibitoci zuwa ƙananan hukumomi. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, abin da gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa cikawa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na tushe. Amma ko da an cika kashi 15 ɗin, babban ɓangaren lafiyar gari yana cikin kasafin ma'aikatar ruwa, da ta ilimi, da ta noma, da ta ayyuka.

Kada a fahimce ni da cewa asibiti ba shi da muhimmanci. Matar da naƙuda ta yi wa gardama, ko jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta, ba tsaftar rijiya za ta cece ta ba a wannan daren. Tana buƙatar ƙwararriyar ungozoma, jini, wutar lantarki da likitan tiyata. Binciken 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Amma ko a nan, masu nazari sun lura jinkiri uku ne ke kashe mace: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani asibiti da asuba aka kawo wata a bayan a-kori-kura, an shimfiɗa mata katifa, uwarta na riƙe da kanta tana ta salati. Tun magariba take naƙuda. Maigidan yana kasuwar wani gari, an jira a same shi a waya, sannan aka shiga neman mota, sannan aka tarar ruwa ya cinye mashigi sai da aka zagaya. Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta ce, "Baba, ai da tun dare kuka kawo ta." Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, da me za mu kawo ta?" Biyu daga cikin jinkirin nan uku sun riga sun faru kafin wani mai farin kaya ya sa ta a ido.

Saura sharaɗin da hadisin ya fara ambata, wato aminci, wanda taron Ottawa ma ya sa a gaba. A yankunan da 'yan bindiga suka hana noma, tamowa ce ke fara bayyana a hannun yara, sai ma'aikatan lafiya su bar ƙauye, sai rigakafi ya tsaya, sai ƙyanda ta shigo sansanin 'yan gudun hijira. Shan-inna ya nuna wannan ƙarara. Bayan dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi a 2003, lokacin da amana ta karye tsakanin jama'a da masu allura, an sha wahala kafin a dawo da yarda, da taimakon sarakuna da malamai da matan da ke bi gida-gida. Daga Yulin 2014 aka yi shekara biyu cur ba a ga yaron da ƙwayar cutar ta asali ta shanye ba, har an fara shirin murna. Sai a Agustan 2016 aka samu yara a Gwoza da Jere a jihar Borno. Da aka binciki ƙwayar, sai aka ga ta shekara kusan biyar tana yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana masu rigakafi da masu ƙirga shiga. Sai da aka nemo hanyar kaiwa ga waɗannan yaran, wani wurin da rakiyar sojoji da 'yan sa-kai, kafin a ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali ranar 25 ga Agusta 2020.